Dokar Ya Falmata Mai Maganin Tsutsa

Duk wanda ya tashi a layinmu na Limanti ya sha ɗacin Ya Falmata, har da ni. Maganin tsutsar ciki take yi, shi kaɗai. Idan ka je mata da ciwon kai sai ta ce ka yi gaba, ita ba ta gaji wannan ba. Wurin kakarta ta koya, kuma ta fi shekara arba'in tana shanya 'ya'yan gwanda da na kabewa a ƙofar ɗakinta, tana zagin kajin maƙwabta da Kanuri.

Haɗin ba wani ɓoyayye ba ne. Takan daka 'ya'yan nan da tafarnuwa, ta dafa ganyen dogonyaro da ɗan tazargade, ta tace. Abin da ya raba ta da masu tallar magani a Kasuwar Litinin shi ne dokarta. Yaro ba zai ci abincin dare ba, ba zai karya kumallo ba. Da safe ta lasa masa zuma, ta ɗan jira, sannan ta ɗura masa ɗacin, kuma babu abinci sai la'asar. A cewarta sai tsutsa ta ji yunwa take buɗe baki, zumar ta taso da ita, ɗacin ya same ta. Ko haka ne ko ba haka ba, ni dai ina shekara bakwai na ga abin da ya fita daga cikina, na yi wata guda ban kalli taliya ba. Uwar da tausayi ya sa ta ba ɗanta loma a ɓoye kuwa, ranar har kakanninta sai sun sha zagi.

Mijinta ya rasu tun kafin rikici. Ɗanta guda, Musa, ya fita sayen gawayi wata safiya a 2013, bai dawo ba. Ba ta cika maganar ba, don a lokacin kowane gida da irin nasa. Mun kai inda idan bam ya tashi sai mu saurara mu ji ta wane ɓangare ne, mu ci gaba da wanke-wanke.

Da daminar 2016 aka kawo mata Ammatullahi, 'yar ƙaninta, daga wajen Bama, da 'ya'ya mata biyu, babu mijin. Babbar, Aisa, shekararta huɗu. Ba ta kuka, ba ta wasa. Gashinta ya yi ja, hannuwa kamar tsinke, ciki ya yi tim, ƙafafu sun kumbura.

Ya Falmata ta ƙwanƙwasa cikin da yatsa. "Tsutsa ce. Sun sha ruwan kududdufi a daji. Yau kar a ba ta komai."

"Gwaggo, ta daɗe ba ta ci abin kirki ba," in ji uwar.

"Su ne suke cinyewa. Kwana ɗaya ne kawai."

Ina wurin. Na ga yarinyar ta bi kwanon tuwo da ido. Mu 'yan birni ne, babban ciki a wurinmu tsutsa ce, ba mu san wani kumburin ba.

Da safe da aka lasa mata zumar, Aisa ta kama yatsan da hannu biyu tana tsotsa, ta ƙi saki. Ya Falmata ta ce, "Kun gani? Su ne suke ja." Ta ɗura mata ɗacin. Zawo ya ɓarke, amma ko tsutsa ɗaya ba ta fito ba. Kafin azahar yarinyar ba ta iya ɗaga kai.

Muka sa ta a keke mai ƙafa uku zuwa asibitin yara masu tamowa. Ammatullahi ta tsaya a layin karɓar kati, ni da Ya Falmata muka shiga da yarinyar. Wata nas mai suna Phebe ta danna babban yatsanta a bayan ƙafar Aisa, ta ɗaga. Ramin ya tsaya, bai ciko ba.

"Mama, me kuka ba ta?"

Ya Falmata ta faɗa mata duka, har da dokar. Phebe ba ta yi faɗa ba, ina jin ta gaji da faɗa tuntuni. Ta ce, "Yunwa ce wannan, Mama. Ko da akwai tsutsa, ba ita ce a gaba ba."

Aisa ta rasu washegari da hantsi. Aka yi mata wanka, aka kai ta, muka dawo. Ban ji komai a raina ba, kuma har yau ina jin kunyar hakan. Ya Falmata ma ba ta yi kuka ba. Ta zauna tana amsa gaisuwa da Kanuri, wushe, wushe, ba ta gaya wa kowa abin da nas ta ce ba. Ni ma na ja bakina.

Kwana biyu bayan sadakar uku, da safe, ina tsakar gidan, sai Ammatullahi ta fito da ƙaramar, Siddiƙa, mai shekara biyu, ta ajiye ta a gaban tsohuwar.

"Gwaggo, ki ba wannan da wuri, kar mu makara kamar na Aisa. Na bi doka. Tun jiya da la'asar ban ba ta komai ba."

Ya Falmata ta daɗe tana kallon yarinyar. Ta jawo ƙafarta, ta danna, ta ɗaga yatsa. Ramin ya tsaya.

Ta ce da ni in damo kunu yanzu-yanzu, in kuma tsayar da keke. Sannan ta juya ga Ammatullahi.

"Ba tsutsa ce ta kashe Aisa ba. Yunwa ce, ni kuma na ƙara mata kwana guda."

Ammatullahi ta dube ta, ta dube ni. Ta karɓi kofin daga hannuna, ta hura kunun, ta fara ba 'yarta da cokali.