'Yar Maƙeri a Garejin Bowie

Wata Asabar cikin watan Oktoban 2006, ana tsakiyar azumi, Baba ya kwashe mu a tasinsa zuwa gidan tarihin jiragen sama da ke kusa da filin jirgin da yake ɗaukar fasinja a Virginia, don mu rage tsawon yini. Shekarata goma sha ɗaya, ƙanena Sadiku yana da tara. Can cikin wata kusurwa muka tarar da wani tsohon injin jet na jirgin yaƙi, irin na farko-farkon da aka ƙera lokacin yaƙin duniya na biyu. An tsaga shi biyu kamar kabewa, ga fankoki jere a cikinsa, kowacce da ɗaruruwan fikafikan ƙarfe. A gefe akwai hoton wata masana'anta, mata ne reras ɗaure da ɗankwali irin na Mama, kowacce ta duƙufa tana gyara fiffike. Baba ya dafa kan Sadiku ya ce, "Ka ga aikin maƙera." Ni da nake tsaye dab da shi, bakina a buɗe, ko kallona bai yi ba. Raina ya ɓaci har na manta da yunwa.

Mu maƙera ne tun kaka da kakanni a Zariya, kuma Baba bai bar sana'ar a gida ba. Mu dai a Greenbelt muke, a bene mai ɗaki biyu inda ko turmi Mama ta daka sai maƙwabcin ƙasa ya bugo silin da sandar tsintsiya, saboda haka kayan ƙira suna garejin Baffa Isa a Bowie. Duk Lahadi can muke yini. Maza suna gareji, Baba yana yi wa jama'a wuƙaƙe da tsinken tsire a kan wani guntun ƙarfen dogo da ya mayar uwar maƙera, mu kuma mata muna kicin da albasa da tsintar shinkafa. Sadiku ake zaunarwa a gaban wuta ana nanata masa "kyan ɗa ya gaji ubansa", shi kuwa gogan hankalinsa na kan ƙwallon kwando, a yi masa Hausa ya amsa da Turanci. A dokar gidanmu mace ba ta taɓa uwar maƙera, kuma ba wanda ya taɓa gaya mini dalili.

Da aka sanar da gasar kimiyya a makaranta, na ce injin nan zan yi. Na tara gwangwanayen madara da na tumatir, na kashe wa Mama almakashinta na ɗinki wajen yanka fikafikai, na soke su a wayar keke, ina hura musu iska da injin busar da gashi. Yatsuna duk suka sha yanka. Fankar tana juyawa, amma da rawa da ƙara, don fikafikan ba su yi daidai ba, kuma ba abin da zai gyara su sai guduma da magagari. Mama ta kawo dabara irin ta iyaye mata: a ba Sadiku ya kai wa Baba a ce nasa ne, a gyara, kowa ya huta. Na ce wallahi gara ya ruɓe a kwandon shara.

Ranar Lahadi na ajiye wuƙar albasa, na rungumi kayana, na yi sallama a ƙofar gareji, na wuce kai tsaye na ɗora shi a kan uwar maƙera. Hira ta tsaya cak. Baffa Isa ya ce, "Ke Hadiza, kanki ɗaya kuwa?" Na durƙusa na ce, "Baba, in 'yar maƙeri ba maƙeriya ba ce, to a gaya mini 'yar wace ce ni." Baba ya matso kusa. Ya sa yatsa ya juya fankar, ya karkata kai yana sauraren rawarta. Daga nan ya ɗauko magagari da ƙaramar guduma ya ajiye a kan benci, bai miƙa mini ba, ya juya baya ya ce wa mazan, "Ku tashi, la'asar ta yi." Suka fita suka bar ni da kayan aiki. Ban ci gasar ba, amma fankata ta juya lafiya lau a gaban alƙalai.

Yau aikina ke nan, gyaran fikafikan injin jirgi a wani kamfani, inda kwamfuta ke auna abin da Baba yake ji da kunne. Garejin Bowie ya koma wurin ajiyar akwatuna, yaranmu kuwa ba su san warin gawayi ba. Sau da yawa in na tashi daga aiki nakan yi kewar bayan nan nasa da ya juya mini. Har Allah Ya karɓi ransa bai taɓa kirana maƙeriya ba, ni kuma ban taɓa ajiye guduma ba.