Injin Ƙanƙara a Garejin Ma'adi

Kullum da hantsi wani mutum yakan ratsa layinmu a Ma'adi da kekensa yana ihu, “Bikya! Bikya!” Mai sayen tsofaffin kaya ne. Da na ji muryarsa sai in leƙa gareji, don akwai abin da Hajiya, matar Maigidana, ta daɗe tana son ta ba shi: injin kwashe dusar ƙanƙara. I, a Alƙahira. Yi dariyarka, ni ma na yi.

Shara kuwa ba a kan inji na fara ta ba. Ina ɗan shekara bakwai na yi wa tukunyar ƙuli-ƙulin kakata aika-aika. Ba ta dake ni ba. Sai ta ce daga ranar ni zan riƙa share hanyar da ta tashi daga zaure zuwa titi. Lokacin kaka ne, mata na sussuka a bayan gida, ƙaiƙayi ko'ina, har cikin wuyan riga. Na zaɓi tsintsiya mafi girma don in gama da wuri. Ta fi ƙarfina, ita ke juya ni. Haka na tura sharar gaba ɗaya ƙofar maƙwabcinmu, na karkaɗe hannu.

Tsohuwa ta fito, ta dubi tulin, ta dube ni.

“Ɗan nema, shi maƙwabcin ba mutum ba ne? Kwashe da hannunka.”

Na kwashe, yara na yi mini dariya. Washegari ta ba ni wata tsintsiyar daidai hannuna. Ta lashi yatsa ta ɗaga sama, ta ce in san inda iska ta nufa kafin in sunkuya. In fara daga tsakiya, in tura gefe. Makaranta a aji uku muka rabu da ita ba tare da sallama ba, amma wannan karatun ya zauna.

Bayan shekaru da yawa, ina tuƙa Maigida, aiki ya kai shi wata ƙasar sanyi ya tafi da ni. Ƙanƙara ta rufe hanyar mota daga get zuwa gareji, shebur ya kusa karya mini baya. Aka tura mu shago sayen inji, ni da babban ɗansa, mai digiri. Shi ya nuna wani ƙato kamar tarakta. Ni kuwa na riga na auna hanyar da ƙafa, na san siririya ce. Na kama hannun kowanne na juya, na ce wannan matsakaicin za mu ɗauka. Ya ce, “Baba, kai da ko takardar ba ka iya karantawa?” Na ce ba takarda zan tura ba.

Ranar farko shi ya karɓe. Ya juya bakin injin yana fuskantar iska, ya dawo cikin gida fari fat kamar fura an birkiɗa ta a gari. Na fita, na lashi yatsa, saura kaɗan ya daskare. Na fara daga tsakiya, na karkata bakin nesa da ƙofar maƙwabci. In ya toshe sai in kashe shi in zungura da sanda, ban taɓa sa hannu ba. Shekara huɗu ba wanda ya makara saboda ƙanƙara a gidan nan.

Da za mu taho Masar na naɗe shi da tsohon bargo, na ce wa masu loda kaya janareta ne. Allah Ya yafe mini.

Yanzu idona ya yi rauni, an karɓe makullin mota an ba wani. Na kuma ji Hajiya na cewa Baba ya kamata ya koma gida ya huta. Wane gida? Zauren ya rushe, tsohuwa ta daɗe a ƙasa.

Makon jiya ta tsayar da mai bikya da kanta. Ina ganin haka na je na zauna daram a kan injin.

“Baba, khalas, ya isa haka mana! Wannan abu ba shi da aiki a nan.”

“Ni ma ba ni da shi, Hajiya. Ya ɗora mu tare, keken zai ɗauka.”

Maigida na tsaye a baranda, ya ji komai. Sannan ya ɗaga wa mutumin hannu ya ce, “Ma'alish, yi haƙuri, babu na sayarwa a gidan nan.”

Yanzu da tsintsiya nake share furannin da bishiyoyin layin ke zubarwa. Mai gadin gidan kusa yana da abin hura iska, kullum sai ya feso mana ganyensa ƙofarmu. Da gani ba shi da kaka. Ranar Juma'a kuma nakan tayar da injina ya yi ruri na minti biyu, don kowa a gidan ya ji muna nan.