Kwalba Ta Takwas

Wallahi abin da zan faɗa muku a gidana ya faru, cikin garin Daura, shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ko wadda ta biyo ta, lokacin da makaɗa suka rataye ganguna, biki sai walima. Ku yi haƙuri da rubutuna, yaƙi da jahilci na yi bayan na haifi uku.

Maigidana yankan gilashin taga ne sana'arsa. Muna da 'ya, Saratu, wadda sanƙarau ya kama tana da shekara biyu, ta tashi ba ji ba magana. A lokacin ta kai bakwai. Wata rana yana zube ragowar gilasai a tsakar gida, ɗaya ya bugi ɗaya, sai na ga ta ɗora tafin hannu a kai tana murmushi. Ashe rawar da gilashin ke yi take ji a hannunta.

Na roƙe shi ya yanka min guda takwas in haɗa mata abin kiɗa, kowane ya ɗara na gefensa tsawo. Ya ce, "Ke dai kina son a ce ana kiɗa a gidana a wannan marra." Na ce, "Malam, a ɗaki za mu riƙa yi, kuma wadda ake yi dominta ma ba ji take ba." Washegari ya kawo su ya goge bakinsu da dutse.

Ni na haɗa da hannuna. Na jera su kan tsohon akwatin katako, na shimfiɗa robar taya don kada su fashe, ƙarƙashin kowane na tsayar da kwalba don ƙarar ta fito, na sassaƙa 'yar sandar bugawa. Kwalba bakwai na samu, saura ɗaya.

A daminar nan katangarmu ta baya ta zube. Ina kwashe ƙasa da rana sai ga kwalba koriya a gindin ginin, an kife ta, an toshe bakin da tsumma da kakin zuma. Jama'a, na san ba a buɗe irin wannan, tun ina yarinya na sani. Amma tsawonta daidai da wadda nake nema. Na yi bisimilla, na cire tsumman, ba komai ciki sai wani wari kamar na tsohuwar rijiya. Na wanke ta na sa ƙarƙashin gilashi na takwas.

Kwana uku bayan nan, na idar da azahar ke nan, sai na ji tin, tin, tin daga ɗaki. Na leƙa. Saratu na zaune, hannuwanta a cinya, sandar bugun tana rataye a ƙusa, gilashi na takwas kuwa yana rawa shi kaɗai. Ta juyo ta kira ni da sunana na yanka.

Innalillahi. Sunan nan nawa sunan uwar mijina ne, don haka babu mai furta shi a gidan tun ranar da aka kawo ni, Amarya ake ce min. Yarinyar da ba ta ji, ina ta samo shi? Ta ce, da wata murya a shaƙe kamar ta tsohuwa, "Mayar da ni ɗakina."

Ba zan ɓoye muku ba, kwana biyu ban faɗa wa kowa ba. Shekara biyar ina jiran in ji muryar 'yata. Kullum bayan azahar gilashin zai yi ƙara, ta faɗi maganar nan, ni kuwa ina bakin ƙofa ina hawaye ina saurare. Amma ta daina cin abinci, idanunta suka faɗa.

Rana ta uku na kira surukata. Ta dubi kwalbar, ba ta taɓa ba. Ta ce, "Amarya, ko kakan mijinki a gidan nan ya tarar da katangar nan. Kin fi son gawa mai magana, ko 'ya mai rai?" Na ce, "Inna, idan na mayar za ta sake yin shiru." Ta ce, "Za ta yi. Ɗauko tsumma."

Da hannuna na toshe, na kife, na binne, Malam ya sa aka tayar da katangar a kai. Da la'asar Saratu ta nuna min bakinta, na dama mata fura ta shanye. Daga ranar ba ta ƙara furta ko kalma ɗaya ba.

Yanzu tana aure a Zango, 'ya'yanta huɗu. Amma duk ta zo gida, in cokali ya bugi kofin gilashi, sai ta waiwaya ta dubi katangar nan, ita da ko aradu ba ta ji. Don Allah, in kun tono abu a rufe, ku mayar yadda kuka gan shi, ko da daidai yake da abin da kuke nema.