Mai Digiri a Wasa

Shekarar da sojoji suka koma bariki na gama bautar ƙasa, na dawo gidanmu a Dala. Kowa a unguwa yana ta mafarkin abin da zai zama tunda mulki ya dawo hannun farar hula, ni ma ban tsira ba. Tun ina sakandare nake riƙe da kulob ɗin ƙwallon unguwarmu. Ko ƙwallon tsumma ban iya bugawa ba, amma ni nake haɗa karawa, in nemo alƙali, in raba faɗa. Na gane wannan aiki ilimi ne, na ƙudurta sai na karanta shi.

Gurbi biyu na samu na digiri na biyu. Ɗaya a nan gida, kan harkar kasuwanci, wanda kowa ya san banki yake kai mutum. Ɗayan a wata jami'a a kudu, kan gudanar da wasanni. Can zuciyata take.

Wahalar ita ce faɗa wa Baba. Da Turanci sunan karatun yana da kwarjini, sai mutum ya gyara zama. Da Hausa kuwa, duk yadda na juya shi a kan kalma ɗaya yake faɗowa. A wurinmu abin da yara suke yi a ƙofar gida wasa ne, zolayar jika da kaka wasa ce, wanda ya yi sakaci da aikinsa ma cewa ake ya yi wasa.

Da hantsi na same shi a zaure yana yi wa wata babbar riga aiki. Na durƙusa na yi bayani.

Ya ɗago kai. "Wasa?"

"Ba bugawa ba, Baba. Tafiyar da harkar. Filaye, gasa, kula da 'yan wasa."

"'Yan wasa dai. Wato na farkon ka yi shi da gaske, na biyun za ka je ka yi wasa." Ya yi 'yar dariya, sannan ya ajiye allurar. "Ban hana ka ba. Amma in an fito daga masallaci aka tambaye ni me ɗana yake karantawa, me zan ce?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce zamani ya canza, farar hula za su buƙaci masana a kowane fanni, nan gaba kaɗan da bakinsa zai faɗa yana alfahari. Ya ce Allah Ya yi albarka, ya koma kan ɗinkinsa.

Na tafi, na karanta, na dawo da sakamako mai kyau. Duk ofishin da na shiga, tambayar farko ita ce wa ya turo ni. Muƙaman da na yi wa karatu an riga an raba wa waɗanda suka yi wahalar kamfe. Wani ɗan siyasa ya ɗauke ni in riƙe masa kulob, ashe aikin shi ne raba riguna masu hoton fuskarsa. Ana gama zaɓe kulob ɗin ya watse. Filin da muke atisaye aka yanka shi shaguna ina ji ina gani. Daga ƙarshe na tare a shagon yayana a Ƙofar Ruwa, ina miƙa wa mutane ƙusa da fenti. Baba bai taɓa ce mini "ai na faɗa maka" ba. Da ma ya ce, da na sami wanda zan yi wa fushi.

Da ya rasu, muna zaman makoki a ƙofar gida, wani dattijo abokin sahunsa ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Kai ne lauyan ko? Malam kullum yana zancenka. Tun da ka tafi kudu yake gaya mana shari'a kake karantawa."

Na dubi sauran dattawan, duk suna gyaɗa kai. Ashe mahaifina, mutumin da ko tsawon zare ba ya ƙarawa a magana, shekara da shekaru yana tsayawa a ƙofar masallaci yana yi musu ƙarya saboda ni.

Dattijon ya ce, "Yaushe za ka fara tsayawa a kotu?"

Na ce, "Sai a hankali, Baba."