Faffaɗan Ƙarfen Yayana

A shekarar da Gulbi ya kawo ruwa har tafkin Madarunfa ya haura gonakin bakinsa, yayana yana da injin juya itace a wata rumfa kusa da kasuwa. Daga Katsina ya sayo shi. Yakan ɗaure guntun marke tsakanin ƙarafa biyu, inji ya yi ta juya shi, shi kuwa yana kara masa kaifi har taɓarya ta fito, ko ƙafar gado. Mutanen Safo da Gabi kan zo da amalanken jaki su kwashi kaya.

Cikin ƙarafan aikinsa akwai ɗaya da ba ya ba kowa. Faɗinsa ya kai yatsu uku, bakinsa a karkace, gefe ɗaya dogo, ɗaya gajere. Da shi yake sharar ƙarshe. Sauran masu inji tsoronsa suke ji, don idan dogon tsinin ya taɓa itace yana juyawa, sai ya cafke ya fizge hannu. Yaya kuwa yakan kwantar da shi ya ci itace da ƙasan bakin kawai, sassaƙe ya riƙa zubowa dogo kamar zare, aiki ya fito sumul ba sai an goga ba. Shi yake wasa shi da kansa, ko idonsa a rufe ya san yadda bakin nan yake kwanciya.

Ni allo da tawada na sani, ina rubuta wa mutane wasiƙa da ajami a zauren gidanmu. Yakan ce mini Malam mai hannun auduga.

Wata Alhamis ya tafi garin Ɗan Isa ya bar mini makullin rumfa. Ina da sabon allo na aduwa wanda fuskarsa ba ta yi laushi ba, tawada tana bajewa. Na ɗauki ƙarfen nan da aka hana ni, na shiga kankare allon. Ashe akwai ƙaramar ƙusa a wuyan allon. Bakin ƙarfen ya yi ɗan giɓi. A lokacin na haura arba'in, ba yaro ba ne ni, da na jira shi na faɗa masa. Kunya ta hana. Na jiƙa dutse na wasa shi har giɓin ya ɓace, amma irin wasawar da nake yi wa wuƙar fiƙe alƙalami na yi, a tsaye, ba a kwance ba. Na ga yana ƙyalli, na mayar da shi wurinsa.

Washegari da hantsi ina zaure na ji salati daga wajen kasuwa. Ƙarfen ya cafke itace, ya fizge, ya tsaga wa Yaya hannun hagu, sannan ya faɗi kan siminti tsininsa ya karye. Saboda haka ba wanda ya ga abin da na yi. Aka kai shi likita Maraɗi. Rauni ya warke, amma babban yatsa da manuniya suka lanƙwashe ba su ƙara miƙewa ba.

Ba ciwon ne ya kwantar da shi ba. Ya yarda a ransa cewa hannunsa ne ya kauce. Ya rufe inji da tabarma, duk wanda ya kawo itace sai ya ce a kai wa wani. Yakan ɗaga hannun ya dube shi ya ce, "Wanga ya ci amanata." Ni kuma in ce, "Ƙaddara ce, Yaya." Gaskiya na faɗa, amma don in rufe kaina na faɗe ta. Kowace Salla idan mun dawo daga idi nakan durƙusa in ce ya yafe mini, ya ce ya yafe duniya da lahira, bai san abin da yake yafewa ba. Muka yi fiye da shekara goma a haka.

A shekarar da aka rufe iyaka aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, ƙafafunsa suka kumbura, likita ya ce a mayar da shi gida. Wata safiya na kai masa rubutun sha, ya ce, "Malam, ka roƙa mini Allah. Girman kai ya yi mini yawa, shi ya sa hannuna ya kauce ranar nan."

Na ajiye ƙwaryar. Na ce, "Yaya, hannunka bai kauce ba. Ni na wasa ƙarfen."

"Mi ka ce?"

Na ba shi labari tun daga allo har ƙusa.

"A tsaye ka wasa shi?"

"A tsaye."

"Kamar wuƙar alƙalami."

"Haka ne."

"Shekara nawa ina zagin hannun ga, kana zaune kana ce mini ƙaddara? Tashi ka ba ni wuri."

Kwana uku ban ga fuskarsa ba. Idan na wuce ta tsakar gida nakan ji ƙarar dutse a ɗakinsa. Rana ta huɗu bayan azahar matarsa ta zo ta ce yana rumfa yana kirana. An ɗauko shi a amalanke, an jingina shi da buhun gero. Tunda babu wuta, ya sa an haɗa inji da tsohuwar ƙafar keke da igiyar roba, yadda yake aiki kafin ya samu lantarki. Ƙarfen yana kan cinyarsa. Ya gyara bakinsa da kansa, ya ɗan rage tsawo.

Ya ce, "Kama, mai hannun auduga. Kada ka tsaya sai na ce."

Na kama ƙafar keken na juya. Muciya ce ya ɗaura, ta matarsa. Da farko ya kara ƙarfen ya janye, ya yi bisimilla, ya danne ƙarfen da yatsu ukun da suka rage masa. Sai sassaƙe ya fara zubowa dogo, yana sauka kan kumburarrun ƙafafunsa. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, kafaɗata tana zafi, ban tsaya ba. Hawaye yake yi, ni ma haka, ba wanda ya dubi ɗan'uwansa. Aikinsa na ƙarshe ke nan, Allah ya ji ƙansa, bai ga girbin shekarar ba.

Da ya kai ƙarshen itacen ya ce, "Tsaya." Ya shafa muciyar daga sama har ƙasa, ya juya hannunsa na hagu ya dube shi. Sannan ya kama nawa ya ga inda ya fashe.

"Ka biya, Malam. Yanzu na san abin da na yafe. Je ka samo mana ruwan alwala."