Takalman Yaya a Ƙofar Banɗaki

"To, yaya aka yi 'yar taki ta gane?" na tambaye ta.

"Ba ganewa ta yi ba, Auta. Nuna mata aka yi."

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Na je gaishe ta a asibitin da take aikin ɗibar jini, muka zauna a benci bayan ɗakin gwaji, abincinta na hucewa a cinya.

Duk asibitin babu wanda ya kai ta iya yara. Sai ta ce, "Kai, dubi ƙadangare a taga!" Kafin yaro ya waigo, allura ta shiga ta fita. Da 'yarta mai shekara uku ta fara riƙe mata zane kullum da safe tana ihu, sai ta kai dabarar gida. Ta ajiye wasu takalma wurin maƙwabciya. Nata na kullum kuwa takan bar su a ƙofar banɗaki, ta ja ƙofa, ta sulale ta baya ƙafa a ƙasa. Yarinyar sai ta zauna gaban takalman tana jiran Mama ta gama wanka, har barci ya kwashe ta.

"Ba ita kaɗai nake yaudara ba," in ji Yaya. "In na tuna tana can tana zaton ina gida, sai hankalina ya kwanta, in samu jijiya."

Surukarta ke zama da yarinyar. Wata safiya yarinyar ta ƙi cin abinci, wai sai Mama ta fito. Tsohuwar ta finciko ta, ta banke ƙofar banɗakin ta ce, "Leƙa da kyau. Ina uwar taki? Jinin mutane ya fi ki daraja a wurinta."

Yaya ta ce, "Da bakinta ta ba ni labari, tana dariya har da tafi. Wai ta yi mini gyara."

"Maigidan fa?"

"Ya ce ai ba ƙarya Hajiya ta yi ba, in na gaza in ajiye aikin. Sannan ya tambaya ko an goge masa riga."

Na tambaye ta ko har yanzu yarinyar tana kukan.

"Ina fa. Sauƙi ya samu." Ta yi wani murmushi da ya fi kuka ciwo. "Yanzu a gabanta nake shiri, in ce sai na dawo, ko kai ba ta ɗagawa. Jiya ina wanka, wanka na gaske, na ji tana ce wa kakarta, 'Babu kowa a ciki.' Na yi ta ƙwala mata kira, ina buga bokiti, da kumfa a idona. Auta, ba ta zo ba."

Wata ma'aikaciya ta leƙo ta taga. "Sista, ga wani yaro can ya gagari mutum uku."

Yaya ta rufe kwanon ta miƙa mini. Ta goge fuska da gefen hijabi, ta zaro sabuwar safar hannu daga aljihu.

"Kar ka gaya wa Inna, hawan jininta zai tashi."

Ta nufi ƙofa tana cewa, "Ku sake shi haka nan, ga ni nan zuwa."