Na Je Lyon In Danna Saniya

Jumma'a: Sevran zuwa Villeurbanne

Ƙarfe biyar da kwata, bayan na yi asuba, na kulle ƙofar gidana a Sevran, nan Faransa, na sauko da jaka biyu, ɗaya tufafi, ɗaya garin yaji da kanwa. Autata Rabi da ke aure a Lyon ce ta tayar da ni wannan tafiya. Sati uku da haihuwarta, kuma tun da na baro su bayan suna ta daina cin nama da shan madara. Wata ce ta tura mata saƙon murya, wai shanun Turai allurar girma ake musu, maganin ya bi nono ya shiga jariri. Mai jego babu kauri, yaushe za ta yi ƙarfi? Ni da na shekara ashirin ina turke bijimai a Maraɗi, na ce sai na gani da kaina.

Na hau jirgin ƙasa na RER B, na canza a Gare du Nord, na isa Gare de Lyon shida da rabi. Bakwai daidai jirgi ya tashi. Mun yi kamar awa guda sai ga fararen shanu a cikin ciyawa, ba tozo, kowace kamar ɗaki. Ban san sanda na miƙe na manna goshi a gilashi ba. Tsohon Bature da ke gefena ya tambaya ko lafiya, na ce masa lafiya lau, 'yan'uwa na gani. Amma na ƙura musu ido. Irin wannan ƙiba, a kasuwarmu sai an tuhumi mai ita.

Tara da minti kaɗan muka shiga tashar Part-Dieu a Lyon. Surukina Abdu, mai karatun injiniya, ya karɓi jakunkuna yana sunkuyar da kai, muka hau taram T1, jirgin cikin gari, zuwa gidansu a Villeurbanne. Da na ga Rabi ban ma zauna ba. Wuya ya fito, ido ya faɗa, jaririyar na tsotso tana kuka. A firigo karas ne da salati. Na ce wa Abdu gobe ya kai ni inda shanu suke.

Asabar: gona

Ya aro mota, muka tashi takwas da rabi, kilomita arba'in yamma da gari. Mai gonar mace ce, tsarata, da takalmin roba har gwiwa. Kafin Abdu ya gama bayani na tattare zane na shige garke.

Mu masu turka, in muna zargin an ɗura wa dabba ƙwayar kumburi, babban yatsa muke dannawa a ƙirji da gindin wutsiya. In ruwa ne, wurin ya lotsa ya tsaya. Na danna ta fari, naman ya dawo nan take. Na bi su har bakwai, na buɗe baki na duba haƙora. Matar ta tambayi Abdu ko ni likitar dabbobi ce. Dariya ta kusa kayar da ni cikin kashin shanu.

Ta ce ƙibar daga iri ce da ciyawa, allurar girma kuwa doka ta hana a ƙasar nan, ga na yanka ga na tatsa, sai dai akwai ƙasashen da suka yarda da ita. Ta ɗauko takardu, ashe kowace saniya da fasfonta. Na bi da yatsa na karanta ranar haihuwa da lambar uwa. Saniya da fasfo, ni kuwa na sha layi kafin in samu tawa takardar zama!

A mota Abdu ya yi gyaran murya. "Hajiya, ki yi haƙuri, amma yatsa ba ya gane wannan maganin. Kumburi kawai yake ganewa."

Na ce na ji, ya kalli hanya. Muka tsaya wajen mahaucin halal, na sa ya nuna mini takardar da ta ce a Faransa aka haifi dabbar, a nan aka yanka. Na sayi ƙafa huɗu da tsoka kilo biyu.

Da muka koma gida na dafa farfesu, na faɗa wa Rabi duka, har da gyaran da mijinta ya yi mini. Doka da fasfo ba su dame ta ba.

"Inna, ke kin taɓa su da hannunki?"

"Bakwai."

Ta jawo kwanon farfesu. Ta ci, ta yi gumi, ta nemi ƙari, ta kora da kunun kanwa da madara.

Lahadi: komawa

Jirgin ƙarfe huɗu na yamma na shiga, bakwai da kwata ina Sevran. Ban cire takalmi ba waya ta yi ƙara. Abdu ne, wai tukunya ta ƙare, yaya ake haɗa yajin. Na tsaya a bakin ƙofa na koya masa, ya rubuta. Alhamdu lillahi, Allah ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Abdu da ya jure bakina, da matar nan da ta bar baƙuwa ta danne mata shanu.